Ranar da Baba Ya Zama Famfo

Babanmu mutum ne da ba ka isa ka kawo masa maganar tashin hankali ta ƙare a tashin hankali ba. Kafin ka rufe baki ya juya ta ta koma abin dariya, kai ma ka tsinci kanka kana dariya kana jin haushin kanka. Ranar da likita ya gaya masa yana da ciwon sukari ina zaune a wurin. Cewa ya yi, "Likita, ai ba sabon labari ka kawo ba. Tun ina saurayi ake cewa ina da zaƙin baki, ashe abin ya gangara har cikin jini." Yana faɗa ya saci kallon Mama ta gefen ido. Likitan ya yi dariya har da dukan tebur. Mama ta danne tata, amma kumatunta sun tona mata asiri.

An yi shekaru da wannan. Magani yana sha ran da ya ga dama, ran da bai ga dama ba ya ce ƙwayoyin sun tafi hutu. Ma'aikacin gidan waya ne kafin ya yi ritaya, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana raba wasiƙu a ƙafa, kuma aikin ya bar masa gado biyu: alfahari da ƙafafunsa, da tulin safa da zai ishi runduna guda. Bai taɓa yarda a jefar da ko ƙafa ɗaya ba. Mama takan wanke su, ta naɗe su dunƙule-dunƙule kamar ƙwallo, ta cika kwandon wanki da su a bayan ƙofa.

Muna zaune can saman wani dogon bene da ba shi da lif, sai matakala. Tun bara sai Baba ya zama mai zumunci na ban mamaki. In zai hau gida, sai ya tsaya ƙofar mai aski a hawa na farko ya tambayi lafiyar almakashinsa. Ya ƙara gaba ya ƙwanƙwasa wa tsohuwar malamar makaranta, ya ce ya zo a duba masa aikin gida. Ya ƙara gaba ya tsaya yana yi wa kyanwar maƙwabta nasiha a kan zaman banza. Mu muna ta dariya, muna cewa Baba takara zai tsaya. Mama ce kawai dariyar ba ta kai mata ciki ba. Ita da Yayata sun daɗe suna roƙonsa ya je a yi masa hoton zuciya, don likita ya ce ya kamata, shi kuwa ya kafe.

"Zuciyata tana hannun Manaja," in ji shi. Haka yake kiran Mama. "Wanda ke son hotonta ya tambaye ta."

Ni ce ƙarama a gidan, mai koyar da tuƙin mota, aikin da ya cinye ɗan haƙurin da aka haife ni da shi. Direba Baba yake kirana. Yaya kuwa Uwar Ɓeraye yake ce mata, domin a wata cibiyar bincike take aiki, inda take kiwon ɓeraye masu ciwon sukari tana leƙa ƙwayoyin halittar zuciyarsu a madubin bincike. Duk lokacin da ta tayar masa da maganar hoton nan amsarsa ɗaya ce: "Ni ba ɓeranki ba ne."

Ana haka sai cibiyarsu ta shirya ranar buɗe ƙofa ga jama'a, aka ce kowane mai bincike ya fito ya yi wa mutanen gari bayanin aikinsa yadda za su gane. Yaya ta bi ta rame. Mace ce da za ta wuni gaban na'ura ko ƙifta ido ba ta yi ba, amma ka ce ta yi magana gaban mutum uku sai harshenta ya sarƙe. Ta ce za ta gwada a kanmu ranar Asabar bayan abincin rana.

Aka hallara a falo. Ga Gwaggo, yayar Baba, wadda har yau Auta take kiransa duk da furfurar da ta cika masa kai. Ga mijin Yaya, wanda muke kira Dogo, ƙaton mutum mai koyar da motsa jiki, mai biyayya kamar sabon soja. Yaya ta tsaya gaban talabijin da takardu a hannu ta fara. Wallahi ban san me ta faɗa ba. Wasu kalmomi ne masu ƙahoni suke fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowace ta fi 'yar'uwarta muni. Ba a jima ba Gwaggo ta fara minshari, Dogo kuma ya yi barcinsa ido buɗe don kada ran matarsa ya ɓaci.

"Dakata, dakata," in ji Baba. "Uwar Ɓeraye, kin kashe mana baƙi. Ajiye takardun nan. Ki ɗauka ni fasinja ne, motata za ta tashi, ƙafata ɗaya tana ciki. Me kike nema a zuciyar ɓeran nan?"

"Kalsiyam," in ji Yaya.

Gwaggo ta farka kamar an tsikare ta da allura. "Kalsiyam? Ba shi ne na ƙashi ba? To a riƙa ɗura wa Auta madara mana, kowa ya huta."

"Ba rashinsa ba ne, Gwaggo. Akwai shi. Kwashe shi ne matsalar."

"Yauwa, ga magana ta fara shigowa," in ji Baba. "Ci gaba, mota na jira."

Yaya ta ajiye takardun a kan talabijin. "Zuciya tsoka ce, ƙananan ƙwayoyi ne birjik suka haɗu suka yi ta. A cikin kowace ƙwaya akwai ɗan sito cike da kalsiyam. In lokacin bugawa ya yi, sai ɗan kaɗan ya shigo daga waje ta ƙofa, ya taɓa siton, siton ya buɗe ya watsar da nasa. Da ƙwayar ta ji kalsiyam ya cika ta sai ta matse. Ita ce bugawar da kuke ji a ƙirji. To amma ba za ta saki ba sai an kwashe shi an mayar da shi sito, kuma akwai wani ɗan famfo da aikinsa ke nan. In ba ta saki ba, jini ba zai sami wurin shiga ba."

"Sukarin fa, ta ina ya shigo?" na tambaye ta.

"In ya daɗe yana yawa a jini, a ɓerayena dai, famfon yakan yi sanyin jiki, siton kuma ya fara yoyo. Sai kalsiyam ya yi ta zama a watse ba a kwashe da wuri ba. Zuciyar tana matsewa, sakin ne ke ba ta wuya. Mai ita in ya ɗan motsa sai numfashi ya nemi gagararsa."

Na ga Mama ta ɗago kai. Baba kuwa tuni ya miƙe, idanunsa na ƙyalli.

"Yarinya, kina da wasan kwaikwayo a hannu shi ne kike karanta mana takarda? Direba, ɗauko mini kwandon safa!"

Kafin Yaya ta ce uffan Baba ya gama raba muƙamai. Falon shi ne ƙwayar halitta. Safa ita ce kalsiyam. Gwaggo ce ƙofa, za ta tsaya bakin falo ta jefo safa ɗaya ta buge ni. Ni ce sito, ina rungume da kwandon, da an buge ni in watsar da shi a ƙasa. Dogo shi ne tsoka: aka ba shi babban matashin kujera, aka ce muddin akwai safa ko ɗaya a ƙasa ya matse shi a ƙirji, kada ya kuskura ya saki sai an kwashe tas. Mama aka miƙa wa faranti da cokali, ita ce agogon zuciya, duk ƙwal ɗin da ta yi bugawa ɗaya ke nan.

"Famfon fa?" in ji Yaya.

Baba ya daki ƙirjinsa.

"Haba Baba, kai ka zauna ka ba da umarni. Dogo ya yi famfon, ni in riƙe matashin."

"Ni? Ni da na raba wasiƙun rabin garin nan a ƙafa, safa ce za ta gagare ni? Safar ma tawa?" Ya naɗe hannun riga. "Ku saurara. Kashi biyu za mu yi. Na farko lafiyayyar ƙwaya, famfo kamar walƙiya. Na biyu mai sukari. A nan ne za ku ga gwaninta, kowa ya tanadi abin share hawaye."

"Malam," in ji Mama a hankali, "ka bi a sannu."

"Manaja, ke dai buga agogonki."

Ƙwal!

Gwaggo ta ɗaga hannu ta wurgo safar da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Safar ta wuce ni, ta wuce Dogo, ta sauka a kan fanka, fankar ta yi wurgi da ita ta taga. Muka ji wani daga ƙasa yana tambayar wane marar mutunci ne. Aka fashe da dariya. Gwaggo ta ce laifin fankar ne, ita saitinta daidai yake.

Aka sake. Ƙwal! Wannan karon ta same ni a hanci. Na kifar da kwandon, safa ta watsu ko'ina, ƙarƙashin kujera, bayan talabijin, cikin kofin shayin Gwaggo. Dogo ya rungume matashin ya matse har jijiyoyin wuyansa suka fito. Baba ya duƙa ya shiga kwasa da hannu bibbiyu, yana wani sauti da baki wai shi ƙarar famfo, fuu-caka, fuu-caka, yana jefawa cikin kwando ta ƙarƙashin ƙafa, ta bayan wuya. Ya kwashe tas, ya miƙe ya sara wa Mama kamar soja, ya kashe mata ido. Dogo ya saki matashin da wani dogon nishi.

"Haka ne!" Yaya ta yi tsalle. "Wallahi haka ne! Abin da nake ta rubutawa ke nan!"

Ƙwal! Ƙwal! Abu ya kankama. Gwaggo ta sami saiti, kuma ta gano cewa jifana yana mata daɗi, sai ta koma jefo biyu-biyu. Na ce mata ƙofa ɗaya take jefowa, ta ce ita babbar ƙofa ce. Dogo ya matse matashin nan har ɗinkinsa ya ɓalle, auduga ta fara fitowa ta gefe tana tashi a iska, shi kuwa ko a jikinsa, an ce ya matse ya matse. Hayaniyar ta jawo mai aski da almakashi a hannu, da malamar makaranta, har da mutumin da safa ta faɗo wa, wanda ya hau don ya yi faɗa ya ƙare yana tafi a bakin ƙofa. Ni kaina da ba na cika dariya ba, sai da na riƙe ciki. Rabon da in ga Yaya tana dariya baki buɗe haka tun muna yara.

Ban san a bugu na nawa ba ne, sai famfo ya fara lafawa. Baba ya duƙa, ya ɗauki safa ɗaya, ya tsaya. Ya dafa gwiwa. Ya kai hannu ga ta biyu kamar mai ɗaga dutse. Fuu-cakan nan ya koma fuu kawai, mai tsawo, mai ƙara.

"Kai, Auta!" Gwaggo ta yi ihu. "Ya tsallaka zuwa kashi na biyu! Ba a ce masa ba ya tsallaka!"

Wannan kuwa halin Baba ne tsaf. Bai taɓa iya jiran lokacinsa ba, ko labari ake bayarwa sai ya riga mai labarin kaiwa ƙarshe. Falon ya ɗauki sowa. Yaya ta juya ga maƙwabta da ke bakin ƙofa, kunyar maganar duk ta gudu, tana nuna shi da hannu biyu.

"Jama'a ku duba! Wannan shi ne famfon mai sukari. Kun ga safa a ƙasa? Kun ga tsokar ta kasa saki? Direba, yoyo! Siton ya fara yoyo!"

Na karkata kwandon na shiga zubo da safa ɗaya-ɗaya, wadda ya mayar in sake zubo da ita, wadda ya mayar in sake zubo da ita. Baba ya durƙusa a kan gwiwoyinsa. Ya rarrafa. Ya jingina da ƙafar kujera baki buɗe, ƙirjinsa na hawa da sauka, zufa na bin gemunsa. Mai aski ya ce wallahi mutumin nan ya ɓata basirarsa a gidan waya. Gwaggo ta zauna daɓas a ƙasa tana share hawaye da gefen mayafi, tana cewa a taimake ta cikinta zai ƙulle. Dogo ya yi jawur, matashin na ta aman auduga.

Sai na lura babu ƙwal.

Mama ta ajiye cokalin a kan farantin. Ta miƙe tsaye.

"Ku daina," ta ce. Ba wanda ya ji ta. Ta ɗaga murya, abin da ba ta saba ba. "Na ce ku daina! Ba wasa yake ba."

"Haba ke kuwa," in ji Gwaggo, tana haki don dariya, "kamar ba ki san Auta ba?"

"Na san shi. Bai dube ni ba."

Duk muka juya muka dube ta.

"Tun da na aure shi bai taɓa yin abin dariya bai saci kallona ya ga ko na yi ba," in ji Mama. Tuni ta durƙusa gabansa tana ɓalle masa maɓallin wuya. "Tun ɗazu ƙasa yake kallo."

Na dubi leɓunansa, sun yi toka-toka. Yaya ta zube kusa da shi ta kama wuyan hannunsa, ta kara kunne a bayansa, fuskarta ta sauya ta koma ta wurin aiki.

"Baba, ƙirjinka na ciwo?"

Ya girgiza kai. Ya buɗe baki, na san wani barkwancin yake nema, amma iskar faɗarsa babu. Ban taɓa ganin abin da ya ba ni tsoro kamar Baba da magana a baki ya kasa fitar da ita ba.

"Asibiti, yanzu," in ji Yaya. "Direba, mota. Dogo, ɗauko shi."

Dogo bai motsa ba. Yana tsaye rungume da matashin, idanunsa sun firfito, yana kallon safar da ke warwatse a ƙasa.

Yaya ta daka masa tsawa. "Saki matashin, bawan Allah! An gama wasan!"

Ya saki. Ya sunkuci Baba kamar jariri ya yi ƙasa da shi, yana cewa, "Ku yi haƙuri Baba, ku yi haƙuri," a kowane hawa, sai ka ce shi ya jawo.

Motar da ke ƙasa ta wurin aikina ce, mai ƙaton allon 'yan koyo a saman kai da birki na biyu a gefen fasinja. Mama da Yaya suka sa Baba a tsakiya a baya, Dogo ya ce zai biyo mu a tasi. Gwaggo ta faɗa gaba kafin in hana ta. Ita kuwa mace ce mai tsoron mota, kuma ƙafarta ta sami birkin nan tun kafin mu fita daga layinmu. Na ba da wuta, ta taka. Na ba da wuta, ta taka. Motar na tafiya tana tsalle kamar akuyar da aka ɗaure.

"Gwaggo, ɗauke ƙafarki!"

"Ni ban taɓa komai ba! Motarku ce ba ta da lafiya!"

"Birki kike takawa!"

"To ke ma ki rage gudu mana!"

Masu motoci na bayanmu suna ta hon, wani ya leƙo yana cewa a koma makaranta. A ranar na mayar masa da amsar da ba zan maimaita a nan ba. Daga baya na ji wani ɗan sauti, na duba madubi. Baba ne, kansa a kafaɗar Mama, yana ƙoƙarin dariya da ɗan numfashin da ya rage masa. Na ce wa Gwaggo ta naɗe ƙafafunta a kan kujera ko in sauke ta a titi. Ta naɗe, tana ƙunƙuni har ƙofar asibiti.

Aka karɓe shi da sauri, aka sa masa abin shaƙar iska, aka yi masa allura. Da numfashin ya fara dawowa, wata nas ta ce a cire masa riga za a yi hoton zuciya. Mama ta ja rigar, sai ga safa na zubowa daga aljihu. Ta dama, ta hagu, har da aljihun ƙirji. Dunƙule-dunƙule suka gangara ƙarƙashin gadon asibiti. Nas ɗin ta tsaya tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya.

"Baba!" in ji Yaya. "Ashe maguɗi kake yi?"

Ya janye abin shaƙar daga bakinsa. "Kwandon ya yi nisa," ya ce da ƙyar. "Na buɗe ƙaramin sito."

Muka kwashe da dariya a ɗakin da bai kamata a yi dariya ba. Yaya tana yi hawaye na zuba, ban san na wanne ba ne, ina jin ita ma ba ta sani ba. Tun bugu na farko-farko ashe yake cusa su a aljihu don kada mu ga ya gaza.

Likitar zuciya ta zo da na'urarta, ta shafa masa wani mai sanyi a ƙirji, ta ɗora abin a kai. Hoton da aka yi shekara ana roƙonsa ya yi, ga shi an yi shi yana kwance ba riga, safa a ƙarƙashin gado. A allon muka ga wani abu mai toka-toka yana motsi. Likitar ta nuna da yatsa, ta ce matsewar ba laifi, da ƙarfinta. Sakin ne a hankali, bangon ya yi tauri, shi ya sa ruwa ya fara taruwa masa a huhu in ya yi aiki. Ta ce sukari da hawan jini da shekaru ne suka haɗu, za su riƙe shi 'yan kwanaki, kuma in ya riƙe magani da gaskiya akwai sauran tafiya mai yawa a gabansa. Ta tambaye shi tun yaushe yake haki in ya hau bene.

Mama ce ta amsa. "Tun da ya fara gaishe da kyanwa."

Likitar ba ta gane ba, mu kuwa mun gane, kuma ba wanda ya yi dariya. Baba ya daɗe yana kallon allon nan.

"Uwar Ɓeraye," ya ce, "ina kalsiyam ɗin? Ban gan shi ba."

"Wannan na'urar ba ta ganinsa, Baba. A ɓera nake iya gani. A mutum sai dai mu ce wataƙila yana cikin dalilan."

"To rubuta ni a cikinsu," in ji shi. "Babban ɓera, mai ritaya." Ya saci kallon Mama. Ta kawar da kai tana cizon leɓe don danne dariya.

Ranar da aka sallame shi ni na ɗauko su, ba Gwaggo a gaba. A hanya Yaya ta ce ta fasa wasan, ranar buɗe ƙofar za ta karanta takardarta kawai. Baba ya ce ba ta isa ba. Dogo zai yi lafiyayyen famfo, shi kuma zai yi mai sukari a zaune kan kujera, tunda yanzu ba wanda ya kai shi sanin aikin. Gwaggo kuma a nisanta ta da fanka.

Muka iso gindin bene. Dogo ya miƙo hannu zai ɗauke shi, Baba ya ce a'a, likita ta ce ya riƙa tafiya a hankali. Ya kama ƙarfen gefe ya fara hawa, Mama na gefensa da ledar magunguna, mu muna biye. A hawa na farko ya tsaya daidai ƙofar mai aski. Na ga ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, har bakinsa ya fara shirya maganar almakashi. Hannun ya tsaya a sama. Ya sauke shi.

"Ba gaisuwa zan yi ba," ya ce. "Na gaji ne. Bari in huta."

A iya sanina ban taɓa jin kalmar nan daga bakinsa ba. Ya zauna a kan matakala yana mayar da numfashi, ya ɗago ya dubi Mama sosai, ba ta gefen ido ba, kuma babu abin dariyar da yake jiran ta yi wa.

Mama ta ajiye ledar, ta tattara zanenta, ta zauna kusa da shi a kan matakalar.

"Huta, Malam," ta ce. "Ni ma tun bara nake so in zauna a nan."